Sayen motar gudu ta hannu wadda ba a san tarihin giyarta ba

Motar gudu irin su BMW 335i, Mercedes C63, Golf GTI, Audi S4 ko Dodge Charger takan iso kasuwarmu ne bayan ta bi ta hannun mutum biyu ko uku a Amurka ko Turai, ta kwana a filin gwanjo, ta hau jirgin ruwa, ta sauka Legas ko Kwatano. Fenti ido yana kama shi, inji kuma kunne yana kama ƙaryarsa. Giya ce ke iya ɓoye ciwonta tsawon zagayen minti goma da dillali zai ba ka, sai bayan sati uku, ana tsakiyar cunkoso da rana tsaka, ta fara harbi. Idan ka tambayi yaushe aka canza man giya aka ce maka "ai irin wannan ba a canza mata", ko "Bature ne ya hau ta", to ka ƙaddara ba a taɓa canzawa ba. Rashin takarda ba ya nufin giyar ta mutu, amma yana nufin nauyin gano halinta ya dawo kanka, kuma farashi dole ya sauko.

Mataki na 1: Ka san wace giya ce a ciki

Kalmar "otomatik" ba ta ishe ka ba. Ka ɗauki lambar shasi, wato VIN mai haruffa da lambobi 17, ka gano ainihin giyar, domin sunan mota ɗaya yana iya ɗaukar giya iri biyu. BMW 335i ta ƙarnin E90 tana da giyar kamfanin ZF mai giya shida, ta ƙarnin F30 kuma ZF 8HP mai takwas. Dodge Charger mai injin V8 kafin 2015 tana da giya biyar ta asalin Mercedes, daga 2015 ta koma mai takwas. C63 ta farko tana da kwanbata, wato na'urar da ke miƙa ƙarfin inji ga giya ta hanyar mai, kamar otomatik ta yau da kullum, wadda aka sabunta daga baya kuwa kuloci ne mai jiƙe da mai a madadinsa.

Kowacce da inda ciwonta yake. ZF mai shida tana yoyo ta hannun roba da wayoyi ke shiga mekatironik, wato gidan bawul da kwamfutar giya a haɗe, kuma robobin da ke tsakanin gidan bawul da jikin giya suna bushewa su zubar da matsin mai. Mercedes 722.9, mai giya bakwai, an san ta da mutuwar na'urorin auna juyi da ke kan allon lantarkinta. Tsohuwar 722.6 mai biyar tana yoyo ta soket ɗinta har mai ya bi cikin waya ya hau zuwa kwamfuta. DSG ta Volkswagen da S tronic ta Audi masu kuloci biyu ne, raunin su mekatironik da kuloci. Camaro da Corvette masu giya takwas na wajen 2015 zuwa 2019 sun yi suna da karkarwar kwanbata, har kamfanin GM ya fitar da umarnin sauya musu nau'in mai.

Sai maganar lokacin canji. BMW ya ce man giyarsa na har abada ne, amma kamfanin ZF da ya ƙera giyar ya yi shekaru a baya yana ba da shawarar a canza tsakanin kilomita 80,000 da 120,000, ko bayan shekara 8. DSG mai giya shida tana son sabon mai da filta duk kilomita 60,000, ba ragi. Ka kuma lura da agogon motar Amurka, mil yake ƙirgawa: mil 75,000 ya haura kilomita 120,000. Mutane da yawa suna ganin 75 su ce ai yarinya ce.

Da lambar shasin nan ka nemi rahoton tarihin mota na Carfax ko AutoCheck, ka kuma bincika ko hotunanta na gwanjon Copart ko IAAI suna intanet. Abu biyu kake nema: ko an taɓa rubuta cewa ambaliya ta cinye ta, da kuma ko lambar agogo ta koma baya. Motar da ruwa ya shiga giyarta ka bar ta a nan, ko da kyauta ce rabin kuɗin. Ruwa yana sa faiba, wato fatar da ke manne a faifan kuloci, ta saki daga jikin ƙarfenta, kuma canjin mai ba ya mayar da ita.

Mataki na 2: Ka same ta da sanyi

Ka yi alkawari da mai mota cewa da sassafe za ka zo kuma kada a tayar da ita. Da isarka ka buɗe bonet ka ɗora hannu kan inji. In da ɗumi, an riga ka, ka sake rana. Giya mai tsofaffin robobi da safe take tona kanta, kafin zafi ya sa robar ta yi laushi ta toshe yoyon.

Ka tayar da inji, ka taka birki, ka sa D kana ƙirgawa a zuci. Lafiyayyar giya tana kamawa cikin kamar daƙiƙa ɗaya, a hankali, ka ji motar ta ɗan tsuguna. In ta haura daƙiƙa biyu, ko ta yi shiru sannan ta buga "gum", akwai magana. Ka koma N, ka jira kaɗan, ka sa ribas, ka sake ƙirgawa. Ka maimaita sau uku. Jinkiri a karon farko kawai yana nuna mai yana tsiyayewa daga kwanbata cikin dare ko kuma ya yi ƙasa. Jinkiri kowane karo yana nuna matsin mai ba ya isa ga kuloci.

Kafin ka ɗora wa giya laifin kowace bugawa, ka sa bakanike ya duba kujerun inji da na giya, da robar da ke haɗa giya da furofela a motocin da ke tuƙi da ƙafar baya. In sun yage, bugunsu ɗaya ne da na giya, kuɗinsu kuwa bai kai kusa ba. Haka ma batir mai rauni, wanda ya zama ruwan dare a motar da ta yi watanni a jirgi da tasha, yana iya rikita kwamfutar giya ta yi ta kawo ƙorafin ƙarya.

Mataki na 3: Kwamfuta, kafin tuƙi da bayansa

Ƙaramar na'urar nan da ake haɗawa da waya injin kawai take karantawa a mafi yawan lokaci. Kana bukatar wadda ke shiga kwamfutar giya kanta: Autel ko Launch masu ƙarfi, ko VCDS ga Volkswagen da Audi, ISTA ga BMW, Xentry ga Mercedes. Kuma kai za ka kawo mai na'urar, ba dillali ba.

Lambar P0700 sanarwa ce kawai cewa giya tana da ƙorafi, sai an shiga ciki. P0730 da 'yan uwanta na nufin juyin da ke shiga da wanda ke fita ba su dace da giyar da aka sa ba, wato zamewa, kuma wannan ita ce mummunar alama. P0741 kulocin kwanbata ne ba ya riƙewa. P0218 na nufin giyar ta taɓa yin zafi fiye da kima. A Mercedes 722.9, P0717, P0718, P2767 da P2768 suna nuni ga allon lantarki, wanda gyara ne mai tsada amma ba tsinke giya ba ne.

Allo fes ba tare da lamba ko ɗaya ba shi ma abin tuhuma ne. Ka sa a duba nisan da motar ta yi tun da aka goge lambobi, da kuma ko gwaje-gwajen da kwamfutar inji ke yi wa kanta sun kammala. In an goge jiya, za ka ga kilomita 5 ko 10, gwaje-gwajen kuma ba su cika ba. Mai mota zai ce batir aka cire. Yana iya zama gaskiya, amma sakamakon ɗaya ne: sai an yi doguwar tafiya a sake karantawa.

Abin da ya fi lambobi amfani shi ne ƙididdigar gyaran kai. Giyar zamani tana lura da yadda kowane kuloci ke cinyewa, sai ta ƙara masa matsin mai ko lokacin cikawa don direba kada ya ji. A ZF kuloci biyar ne, A zuwa E, kowanne da adadinsa. In huɗu suna kusa da juna ɗaya ya yi musu fintinkau, wannan ɗayan ne ke kan hanyar tafiya, ko da tuƙin yana da daɗi yau. In duk sifili ne, an share ƙwaƙwalwar kwanan nan, kuma ba a sharewa haka kawai. Ka tambayi dalili.

A nan ne kuma za a gane ko an ƙara wa injin ƙarfi ta kwamfuta. Lambar da ke bayan sunan giyar ZF mai takwas iyakar ƙarfin murɗin da aka yi ta dominsa ce: 8HP45 wajen Nm 450, 8HP70 wajen 700. DSG mai shida an yi ta ne don kusan Nm 350. Golf GTI da aka ƙara wa wuta aka bar giyar yadda take, ga sabon salansa mai ƙara, ga tayoyin gaba sun cinye, ta sha tashin tsere ba adadi.

Mataki na 4: Tuƙin gwaji, aƙalla minti 40

Nan ne cinikin yake, kuma nan ne dillali zai fara duba agogo. Ka zuba mai da kuɗinka don kada a kawo maka uzuri. Rediyo a kashe, na'ura a haɗe tana nuna zafin man giya, mai na'urar yana kujerar gefe. Man giya ya fi ruwan lagireto jinkirin ɗaukar zafi, saboda haka allurar zafi ta hau tsakiya ba ta nufin giya ta gasu. Sai man ya kai maki 80 zuwa 90 a ma'aunin Celsius za ka ga ainihin halinta.

Ka fara da totur kaɗan, kamar mai ɗauke da ƙwai. Ka bar ta ta hau giya ɗaya bayan ɗaya, idonka kan allurar juyin inji. A kowane canji allurar ta faɗo kai tsaye. In ta fara ɗagawa sama da ɗari biyu ko uku kafin ta faɗo, musamman daga biyu zuwa uku, kulocin da ke karɓa ya makara. Mutane suna son gwada motar gudu da take totur har ƙasa, alhali a nan kwamfuta ke ba da matsin mai mafi girma, giya mai ciwo ma sai ta riƙe. A ƙaramin totur take faɗuwa jarrabawa.

Ka sami miƙaƙƙen titi ka riƙe gudun 60 zuwa 90 a babbar giya, ƙafa a tsaye. In ka ji karkarwa kamar ka hau titin da aka kankare, ko allurar tana lilo sama da ƙasa ba ka motsa ƙafa ba, kulocin kwanbata ne ake zargi. Ka sauko da giya ɗaya da hannu, ko ka shafi birki da ƙafar hagu. A motoci da yawa wannan yana sakin kulocin, in karkarwar ta ɗauke nan take to shi ne. In ta ci gaba, a duba fulogi da kwayil, domin inji mai tsallake wuta yana kwaikwayon wannan ciwon.

Sannan ka gwada tsayawa. Ka sauko daga 60 da birki mai laushi har ka tsaya cak. Bugu daga baya lokacin da take komawa giya ta biyu ko ta ɗaya, kamar wani ya taɓa ka da bamba, sananne ne a ZF mai shida. Wani lokaci sabon mai da sababbin robobi da sabunta manhaja suna kawar da shi, wani lokaci sai an gyara gidan bawul. Ka kuma gwada rage gudu kamar za ka tsaya a shataletale sannan ka sake taka totur. Giya mai ruɗewa a nan takan yi shiru sannan ta fizga.

Ga DSG da sauran masu kuloci biyu, jarrabawarsu ita ce rarrafe. Bayan ta yi zafi, ka shiga cunkoso ko ka ƙirƙiri naka: ka matsa mita biyu ka tsaya, sau goma sha biyar. Ka nemi hawa ka yi ribas a kansa a hankali. Ɗan jinkiri wajen tashi halinsu ne, amma karkarwa, fizga, ko haruffan giya su fara ƙiftawa a dashbod, ba hali ba ne, ciwo ne.

Sai a ƙarshe ka take ta sosai sau biyu ko uku a inda babu haɗari, ka kuma hau kowace giya da hannu har ta ƙarshe. Idan mai tuƙi da ƙafa huɗu ce, ka murɗe sitiyari har ƙarshe ka yi kewaye a hankali a fili. Tsalle-tsalle ko gurnani daga ƙasa na akwatin raba ƙarfi ne, kuma tayoyi masu bambancin girma ne suka fi kashe shi. Da dawowa kada a kashe inji, a sake gwajin D da ribas da zafi, a sake karanta lambobi. Man da ya haura maki 110 a tuƙi na yau da kullum yana nuna na'urar sanyaya shi ta toshe ko wani abu yana zamewa a ciki.

Mota mai giyar hannu aikinta ya fi sauƙi. A giya ta huɗu ko ta biyar, juyi wajen 2,000, ka take totur. In juyi ya tashi gudu bai bi shi ba, kuloci ya ƙare. Ka canza da sauri daga ɗaya zuwa biyu da biyu zuwa uku, ƙarar "ƙirrr" na nufin zoben daidaita giya ya cinye. Kwaramniya lokacin kashe inji kuma filawul mai gida biyu ne.

Mataki na 5: A hau rami, a ga mai

A ƙarƙashin mota ka dubi gefen kaskon giya, da soket, da bututun da ke kai mai wurin sanyaya. Giyar da aka wanke tas alhali sauran ƙasan motar duk ƙura ne, yoyo aka wanke. Kan notuna da suka sha sifana, silikon da ya tsattsafo a bakin kasko, ko rubutun fenti mai ruwan ɗorawa irin na 'yan gwangwan, duk suna cewa an buɗe giyar ko an sauya ta.

Yawancin waɗannan motocin ba su da sandar auna mai, sai an kwance noti a ɗebi kaɗan da sirinji. Ka ɗiga shi kan farar takarda ka kai rana. Kada ka ce sai ja ne mai kyau: man ZF mai takwas kore-kore ne, na mai shida ruwan zuma, na Mercedes 722.9 ja ne a tsofaffi, shuɗi a waɗanda aka yi daga tsakiyar 2010. Duhu kaɗai tsufa ne. Hanci ne alƙali: ƙaurin ƙuna na nufin faiba ta ƙone. Ƙyalƙyali kamar an barbaɗa garin azurfa ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Mai da ya koma kamar madara ruwa ne ya shiga, ko daga lagireto ko daga ambaliya. In kuma ka tarar da mai sabo fil, babu rasiti, babu wanda ya san wanda ya zuba, ka tambayi kanka me ya sa mai shirin sayar da mota zai kashe wannan kuɗin. Mai kauri mai danƙo kuwa alamar an zuba maganin hana zamewa ne.

In mai mota ya yarda a sauke kasko bisa sharaɗin kai za ka biya sabon mai, ka karɓa hannu biyu. Baƙin laka mai laushi a kan mayen ƙarfen da ke cikin kasko al'ada ce. Ɓarɓashin da yatsa ke ji, ko gutsattsarin faiba, ƙarshen magana ne.

Mataki na 6: Ciniki

Ƙaurin ƙuna, ɓarɓashin ƙarfe, ruwa a mai, lambar zamewa da ta dawo bayan tuƙi, ko mai mota ya hana kwamfuta da doguwar tafiya: ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ka yi sallama. Ba a cinikin biri a sama.

Yoyo, tsohon mai marar ƙauri, ɗan bugu wajen tsayawa, ko lambar na'urar auna juyi, waɗannan na ragi ne. Kafin ka koma teburin ciniki ka tambayi farashin abu uku a shago biyu ko uku, a Ƙofar Ruwa, Panteka, Apo ko Ladipo: cikakken sabis da mai na asali, mekatironik, da giyar gwanjo mai lamba iri ɗaya da taka. Kuɗin sabis a cire shi gaba ɗaya daga farashi. Kuɗin giya kuma ya zama kana da shi a ajiye bayan ka biya mota. Wanda kuɗin motar ne iyakar abin da ke hannunsa, motar ta fi ƙarfinsa. Ka tuna giyar da za ka sayo a kasuwa ita ma ba ta da tarihi, kuma kwamfutar 722.9 da ta ZF mai takwas a BMW ɗaure suke da tsarin hana sata na motar da suka fito, sai an sami mai iya daidaita su. Ka tabbatar akwai shi a garinku. Duk alkawarin da aka yi kan giya a rubuta shi, da adadin kwanaki, a gaban shaidu.

Mataki na 7: Sabis na farko

Za ka ji ana cewa canza man tsohuwar giya yana kashe ta. Abin da ke faruwa shi ne giyar da faibarta ta riga ta ƙare tana riƙewa ne da garin faibar da ke yawo cikin tsohon mai, sabon mai ya zo ya fallasa ta. Giyar da ta ci jarrabawar da ke sama ba ta cikin wannan sahun.

Kada a yi mata wanki da na'ura mai tura mai da ƙarfi, kada a zuba sinadarin wanki. A sauke kasko, a canza filta. A ZF kaskon roba ne filta na manne a ciki, gaba ɗaya ake sauyawa, kuma a mai shida a haɗa da hannun soket da robobin gidan bawul tunda an riga an buɗe. Notunan kaskon 722.9 na alminiyam ne, sau ɗaya ake ɗaura su. Sauke kasko yakan fitar da lita 5 zuwa 6 daga cikin kusan 9, ragowar na cikin kwanbata. In ka sauya kashi 60 cikin ɗari, ka yi kilomita 1,000 ka sake, sabon mai ya kai kashi 84, karo na uku ya haura 90. DSG mai shida tana cin lita 5 da 'yan kai, filtarta a sama take.

Mai kuwa sai wanda aka rubuta: Lifeguard 6 ko 8 ga ZF, 236.14 ko 236.15 ga Mercedes gwargwadon lambar shasi, ba a gauraya su, G 052 182 ga DSG mai shida. Jan man nan da ake zuba wa kowace mota ba ya shiga nan. Ka sayo da kanka daga wurin da ka amince, a buɗe robar a gabanka.

Auna cikar mai ne inda aka fi yin kuskure. Mota a miƙe daidai, inji yana aiki, an bi da ita kowace giya, zafin mai kuma a kan na'ura: wajen maki 40 ga ZF kada ya wuce 50, 45 ga 722.9, 35 zuwa 45 ga DSG. Mai yana kumbura da zafi, in aka auna shi da zafi sosai zai zubo da yawa a bar giyar da ƙishi. A Kano ko Sakkwato cikin Afrilu iskar gari kanta tana haura 40 da rana, saboda haka motar ta kwana a gareji a yi aikin da asuba. Kada a share ƙididdigar gyaran kai sai in an sauya wani abu a gidan bawul ko kuloci. A wanke haƙarƙarin lagireto da na'urar sanyaya man giya daga ƙurar hunturu, a canza man difa da na akwatin raba ƙarfi a rana ɗaya, a rubuta kilomita da kwanan wata da sunan mai a ajiye da rasiti. Da zafinmu da cunkosonmu, canji na gaba kada ya wuce kilomita 50,000 zuwa 60,000.